Sun bar min jinyar Inna ni kaɗai

Assalamu alaikum Anti. Daga wani ƙauye nake a ƙaramar hukumar Ringim. Surukata ta haura shekara 80, a gidanmu take, kuma wallahi ni kaɗai nake fama da ita. Ni ce wanka, ni ce wankin zannuwa, ni ce zubar da fo da asuba. 'Ya'yanta mata suna aure nan kusa, amma sai ranar Juma'a suke zuwa da goro da fura, su sha hira su tafi, wata ma har ta ce ɗakin yana zarni. Maigida in ya dawo daga gona sai ya leƙa ya ce sannu Inna, shi ke nan. Tun da ta zame a bakin salga da damina muka hana ta tashi, komai a kan katifa nake yi mata, abinci ma a baki nake ba ta, ruwa kuma na rage mata saboda fitsari. Ga goyo, ga daka, bayana kamar zai tsinke. Ba ƙin ta nake ba, uwa ce, amma ni kaɗai? Su da ta haifa fa? In na yi magana a ce ba ni da haƙuri. Anti ki ba ni shawara, na gaji.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ban ji ta bakin maigidanki da 'yan'uwansa ba, don haka ba zan yanke musu hukunci ba. Amma jinyar uwa haƙƙi ne a wuyan waɗanda ta haifa, naki alheri ne, kuma goron Juma'a ba jinya ba ne. Su raba kwanaki a tsakaninsu, ɗaga ta kuma maigida ya riƙa yi safe da yamma.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne cewa da kika yi kun hana ta tashi. Tsoho in ya kwanta, cikin 'yan makonni naman cinyarsa yake zubewa, gaɓoɓi su sandare, ranar da aka miƙar da shi jiri ya kwashe shi. Kwanciyar nan ce take ƙara miki aiki.

A fara da kai ta asibiti. In ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ko ta juya waje, ko tana jin zafi a matsematsi in ta taka, ana zargin karayar ƙugu. Wannan aikin hoto ne da likitan ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ba na mai ɗori ba. A auna jininta a kwance da kuma a tsaye, domin maganin hawan jini kan sa jiri, a duba idonta ko yanar ido ce.

In babu karaya, a ɗora katifar a gadon da tsayinsa ya kai gwiwarta, tashi daga ƙasa ya fi ƙarfin tsohuwa. Ta zauna a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, minti biyu kafin ta miƙe. A samo kujera mai hannu ta riƙa tashi tana zama sau biyar, safe da yamma, mutum yana gefenta, sannan taku kaɗan zuwa bakin ƙofa da sanda. Tsugunno a salga ya ƙare: kafinta ya yi mata kujera mai rami a sa bokiti a ƙasa, da dare a ajiye fitila kusa.

Ki mayar mata da ruwanta. Ƙarancinsa yana kawo taurin bayan gida da jiri da ruɗewa, kuma shi ke ƙara zarnin. Ta sha sosai da rana, a sassauta bayan magariba, a riƙa kai ta kujerar duk bayan awa biyu zuwa uku. Ki bar ta ta ci da hannunta ko za ta ɓata lokaci, a sa mata wake, nono, ƙwai da kifi, kunu kaɗai ba ya gina jiki. Kafin ta fara tashi, a juya ta duk bayan awa biyu, ki duba kwankwaso da dunduniya. Wurin da ya canza launi, ya yi zafi ko tauri, gyambon kwanciya ne yake farawa, kada ta sake kwanciya a kansa.

Ku kuma masu karatu, da yawanku kun ɗauka gata ne a hana tsoho ɗaukar buta. Ma'aikatan lafiya da abu shida suke auna ko tsoho yana buƙatar mai kula da shi: wanka, sa tufafi, cin abinci, tashi daga shimfiɗa, zuwa banɗaki da riƙe fitsari da bayan gida. Duk abin da kuka karɓe masa daga cikinsu alhali yana iyawa, da wuya ya dawo. Ku taya shi wanda ya gagare shi, ku bar masa sauran.