Mun Ga Masifarta A Talabijin, Yanzu Kuma Tana Neman Aiki A Wajenmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ni ce mai kula da ɗaukar ma'aikata a wani ƙaramin kamfanin tallace-tallace, mu goma sha huɗu ne gaba ɗaya. Mun buɗe gurbin shugaban sashen kula da kwastomomi, sai ga takardun wata da duk ofis ɗin mun san fuskarta, saboda ta taɓa shiga irin gasar nan ta talabijin da ake tara mutane kyamara na bin su ana korarsu ɗaya bayan ɗaya. Anti a cikin shirin ita ce uwar masifa, akwai ranar da ta sa wata kuka a gaban kowa ta ce mata ba ta da ƙwaƙwalwa. Amma wallahi takardunta sun fi na kowa, kuma a intabiyu ba ki ga natsuwa ba. Oga ya nace sai ita wai sunanta zai jawo mana kasuwa, mutum biyu a sashen kuma sun ce ranar da ta shigo ranar za su ajiye aiki. Na rasa yadda zan yi. Daga ƙanwarki mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata. Toh bari in fara da cewa abin da kuka gani a talabijin ba ƙarya ba ne, amma kuma ba shi ne dukkan gaskiya ba. Irin waɗannan shirye-shiryen tun daga Big Brother da aka fara a ƙasar Holan a 1999 har zuwa The Apprentice da aka fara a Amurka a 2004, ba masu haƙuri suke nema ba, mai haƙuri ba ya kawo masu kallo. Tun wajen tantancewa ake zaɓo waɗanda ake ganin za su yi karo da juna, a raba su da waya da dangi, ga ƙarancin barci ga kuɗi an rataya musu a gaba, sannan a ɗauki hoton kwana da kwanaki a yanko mafi zafi a haɗa shirin awa ɗaya. Wani lokacin ma maganar da mutum ya yi ranar Litinin ake liƙa wa hararar da ya yi ranar Alhamis. Ke ma da za a bi ki da kyamara wata biyu a yanko duk inda kika yi tsaki, ba na jin za ki gane kanki.

Sai dai fa kar mu wanke ta tas. Mai tace hoto zai iya ɓoye alherin mutum, amma ba shi ya buɗe mata baki ta ce wa wata ba ta da ƙwaƙwalwa ba. Wannan kalmar tata ce.

Ogan naki kuwa ina so ki ba shi labarin Omarosa, in bai sani ba. Ita ce ƴar masifar zangon farko na The Apprentice, shirin da Donald Trump yake gabatarwa a lokacin, an kore ta tun kafin ƙarshe, wani Bill Rancic ne ya ci, amma sunanta ya fi na wanda ya ci tashi. Kuma ba wai ba ta da takardu ba ne, ta taɓa aiki a ofishin mataimakin shugaban ƙasa Al Gore. Da Trump ya zama shugaban ƙasa ya ɗauke ta aiki a fadar White House a Janairun 2017, yana sane sarai da halinta tunda a gabansa ta yi komai. Ba ta cika shekara ba shugaban ma'aikatan fadar John Kelly ya sallame ta a watan Disamba, ashe ta naɗi muryarsa a ɓoye lokacin da yake korar tata, a cikin ɗakin sirri da ba a yarda a shiga da waya ba, a watan Agustan 2018 ta saki muryar duniya ta ji, ta kuma fitar da littafi tana tona asirin fadar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da Trump ɗin ya rubuta a Twitter bayan haka, ya ce mutanen fadar ba sa son ta, Kelly ma ya kawo masa ƙorafi, amma ya ce a lallaɓa tunda kullum yabonsa take yi. Kin ga inda gizo yake saƙa. Na sama yana shan zuma, na ƙasa suna shan harbi, kuma shi na saman ba ya jin komai sai ranar da harbin ya iso kansa. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Shi ya sa natsuwar da ta nuna miki a intabiyu ba ta burge ni sosai ba. Ke ce mai ba da aiki a ranar, wa zai yi wa mai ba shi aiki rashin kunya?

Maganar wai sunanta zai jawo kasuwa, wannan ma a duba. Tacha da aka kora daga Big Brother Naija a 2019 bayan rigimarta da Mercy ta fito ta tarar da ɗimbin masoya suna jiran ta, ta ci gaba da harkokinta. Amma wannan suna ne da yake yi wa mai shi aiki, ita ce ogar kanta, zafin kan shi ne jarinta. Zama a ƙarƙashin wani, amsa wayar kwastoman da ransa ya ɓaci yana faɗa miki magana son ransa ke kuma kina ba shi haƙuri, wannan wata sana'a ce daban, kuma ita ce gurbin da kuka buɗe. Da mai fita neman kwangila kuke nema ko mai tsayawa ciniki da dillalai da sai in ce ƙila zafin ya yi rana.

Akwai wani bincike da Michael Housman da Dylan Minor suka fitar a makarantar kasuwanci ta Harvard a 2015, sun duba bayanan ma'aikata sama da dubu 50 a kamfanoni 11. Abin mamaki sun gano cewa ma'aikacin da yake cutar da abokan aikinsa sau da yawa ya fi saura saurin aiki, shi ya sa oga yake kasa rabuwa da shi. Amma da suka buga lissafi, kauce wa mutum ɗaya irin wannan yana tsirar wa kamfani da kusan dala 12,500, alhali ɗauko gwanin gwanaye ribar da yake ƙarawa wajen dala 5,300 ce, kuma asarar daga tafiyar sauran ma'aikata take zuwa, a yi ta neman wasu ana koya musu aiki daga farko. Ku da kuke goma sha huɗu, in biyu suka fita ai an ji jiki.

Amma ni abin da nake so ki bambance shi ne kaifin baki da wulaƙanci, mutane suna yawan haɗa su. Na taɓa aiki ƙarƙashin wata edita da duk muke tsoro, za ki kai mata rubutu ta ja jan biro tun daga sama har ƙasa ta turo miki ta ce wannan shirme ne sake, ko kallonki ba za ta yi ba. Amma ita ce za ta zauna da ke har dare kuna gyarawa, kuma ranar da kuskure ya fita a jarida ta shiga wajen manya ta ce laifinta ne, ba ta taɓa kiran sunan yaron da ya yi ba. A ofis ɗin dai akwai wani mai fara'a, kowa ranka ya daɗe, amma na ga ranar da masinja ya kawo masa fayil ɗin da ba shi ya nema ba, ya sake shi ƙasa da gangan takardu suka watse, ya tsaya yana kallon dattijon yana tsugunne yana tsincewa. Ita aiki take zagi, shi mutum yake takawa. Da za a ba ni zaɓi gobe ita zan koma wa.

To wacece a cikinsu taku? Ba a faifan bidiyo za ki gane ba. Ki sake kiran ta, ki tambaye ta kai tsaye game da ranar da ta sa yarinyar nan kuka, kar ki yi kwana-kwana, ta san kun gani. Ki saurara da kyau. In ta ce ai masu shirin ne suka yanka, ai yarinyar ce ta jawo, ai ni haka nake ba na munafunci, kuma har ta gama ba ki ji inda ta ɗauki ko ƙwayar laifi ba, to kin samu amsa. In kuma ta ce na yi kuskure, ga abin da ya faru ga abin da na yi daga baya, wannan da sauran magana. Masu cewa ni gaskiya nake faɗa komai ɗacinta, ki gwada faɗa musu tasu ki gani, wanzami ba ya son jarfa.

Sannan sunayen da ta rubuta a tuntuɓa, duk ogogi ne na tabbata. Ki nemi izininta ki yi magana da wanda ya yi aiki a ƙarƙashinta ko a gefenta, tambaya ɗaya ta isa, za ka yarda ka sake aiki da ita? Shirun da zai yi kafin ya amsa ma amsa ne. Ki tambayi mai karɓar baƙi na ofishinku yadda ta yi masa ranar intabiyu lokacin da take zaman jira.

In duk ta tsallake, ku ɗauke ta a gwaji na wata uku a rubuce, kuma kar a damƙa mata shugabancin sashen daga ranar farko. Su kuma mutum biyun nan ki zaunar da su, ki gaya musu ba daidai ba ne a yanke wa mutum hukunci da abin da aka gani a talabijin, ƙila ma shekaru sun wuce ta canza, amma ki yi musu alƙawari za a tambayi ra'ayinsu kafin a tabbatar da ita. Kafin ki yi wannan alƙawarin ki fara samun oga ya amince da bakinsa cewa in gwajin bai yi kyau ba zai sallame ta ko da kwastoma nawa ta kawo. In ya fara kame-kame a nan, ƙanwata ki kira na biyu a jerin sunayenki.