Ɗan majalisarmu a Amurka ya jero ayyuka huɗu: gaskiya ne ko romon baka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, bana na samu takardar zama ɗan ƙasa, zaɓe mai zuwa ne zan fara jefa ƙuri'a. Ɗan majalisar wakilan mazaɓarmu ya aiko da takarda gida-gida, wai ya ƙarfafa tsaron jiragen sama, ya tsaya wa tsofaffin sojoji, ya rage haraji, ya kuma kawo wa yankinmu kuɗin ayyuka. Mutum ɗaya zai iya duk wannan kuwa, ko irin romon bakan da muka saba ji a gida ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Barka da arziki, Allah ya sa albarka.

Da wuya ya yi maka ƙarya tsagwaronta, domin manyan ƙuri'un da ya kaɗa suna rubuce, abokan hamayya kuma na zuba ido. Sai dai kalmar "na yi" a bakin ɗan majalisa tana da faɗi. Tana iya nufin shi ya rubuta dokar, ko kuwa sunansa kawai ya ɗora a ƙudirin wani, ko ma hannu ya ɗaga tare da mutum ɗari uku. Majalisar Wakilai kujeru 435 gare ta, ta Dattawa 100. A kowane zango na shekara biyu ana gabatar da ƙudirori fiye da 10,000, 'yan ɗaruruwa ne ke zama doka. Saboda haka abin da za ka fara bincika shi ne kwamitin da yake zaune a ciki, don a can ake dafa tuwon, zauren majalisa wurin rabo ne kawai.

Batun tsaron jirage ya fi nuna haka. Kafin harin 11 ga Satumba 2001, kamfanonin jiragen sama ne ke ɗaukar 'yan kwangila su binciki fasinjoji, kuma wanda ya fi araha ake ba aikin. Bayan harin, Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin Sanata Ernest Hollings da ƙuri'a 100 babu ko ɗaya da ya ƙi, cewa masu binciken su koma ma'aikatan gwamnatin tarayya. A Majalisar Wakilai kuwa, Don Young na Alaska, shugaban kwamitin sufuri, da John Mica mai riƙe da ƙaramin kwamitin jiragen sama, sun fi son a bar ƙofa ga kamfanoni masu zaman kansu, gwamnati ta sa musu ido. Da aka kawo tsarin dattawan gabansu sai ya faɗi da ƙuri'a 214 da 218. Ka ga a nan ƙuri'ar mutum ɗaya ba abin wasa ba ce. Daga baya aka sasanta, Shugaba George W. Bush ya sa hannu ranar 19 ga Nuwamba 2001, aka haifi hukumar TSA, masu rigar shuɗi da kake gani a filin jirgi. Su Young ma ba su tashi hannu banza ba: an bar filaye biyar su gwada 'yan kwangila, har yau kuma a San Francisco kamfani ne ke binciken.

Wannan shi ne aikin majalisa: kafa hukuma, ba ta iko, ba ta kuɗi, a riƙa kiran shugabanninta su zo su yi bayani. Amma yawancin abin da ke taɓa fasinja kai tsaye hukuma ce ke yanke shi. Cire takalmi da hana shiga da ruwan da ya wuce mililita 100 sun zama ƙa'ida a 2006, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a kansu ba, kuma a Yulin 2025 ma'aikatar tsaron cikin gida ta soke na takalmin da sanarwa ɗaya. Mu 'yan Najeriya ba za mu manta da 25 ga Disamba 2009 ba, ranar da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin Amsterdam zuwa Detroit. Jefa Najeriya cikin ƙasashe 14 da ake tsananta wa matafiyansu bincike a Janairun 2010, gwamnatin Obama ce ta yi shi, ita ce kuma ta janye bayan 'yan watanni. To idan mutuminka ba ya kwamitin tsaron cikin gida, ko na sufuri, ko na rabon kuɗi, "na ƙarfafa tsaron jirage" na nufin ya kaɗa ƙuri'ar amincewa. Ba laifi ba ne, amma iyakarsa ke nan.

Af, kai ma kana biyan kuɗin wannan tsaro. A kan kowane tikiti akwai dala 5.60 na tafiya ɗaya, da farko dala 2.50 ne a kowace hawa. Tun 2013 majalisa ta karkatar da wani kaso nasa zuwa cike giɓin kasafi. Wannan ba za ka gan shi a takardar kamfe ba.

Na tsofaffin sojoji kuwa, babu ɗan siyasar Amurka da zai ce ba ya tare da su, don haka furucin shi kaɗai ba ya auna komai. Ranar gwaji ake dubawa. A 2014 aka gano asibitin 'yan mazan jiya na Phoenix yana ɓoye tsawon layin marasa lafiya, har ministan ma'aikatar tsofaffin sojoji, Eric Shinseki, ya ajiye aiki. Bernie Sanders da John McCain, mutum biyun da ba sa ga maciji a siyasa, su suka ƙulla dokar da ta ba tsohon soja damar zuwa likitan waje idan layi ya yi tsawo. A 2022 kuma aka yi dokar PACT don sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan. A da, sai soja ya tabbatar da cewa hayaƙin ne ya jawo masa ciwon daji ko na huhu. Dokar ta ce a ɗauka hakan ne. An tokare ta a Majalisar Dattawa a ƙarshen Yuli, tsofaffin sojoji suka kwana a bakin ginin majalisa kwana da kwanaki, sannan ta wuce da 86 da 11. Nemi sunansa a ƙuri'un Majalisar Wakilai kan irin waɗannan dokoki.

Haraji ba sai na ja ba. Tsarin mulki ya ce duk ƙudirin tara kuɗin shiga daga Majalisar Wakilai zai fara, kuma kwamiti ɗaya ke rubuta shi. Wanda ba ya ciki, ɗan rakiya ne. Tambayar da ta dace ita ce: harajin wa aka rage? Dokar 2017 ta sauko da na kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 cikin ɗari, amma ta taƙaita abin da mutum zai cire na harajin jiha da na gari daga kuɗin shigarsa, kafin a lissafa masa harajin tarayya, a dala 10,000, abin da ya ƙona masu gidaje a New York da New Jersey. A 2025 aka ɗaga iyakar zuwa 40,000. Harajin gidanka da na sayayya kuma na jiha da ƙaramar hukuma ne, ba ruwan ɗan majalisar tarayya.

Na huɗun ne ya fi zama nasa na kansa, kuma shi ne ka fi sani, domin ɗan'uwan ayyukan mazaɓu ne na Najeriya. Ɗan majalisa yana sa layi a dokar kasafi cewa kuɗi kaza na gada kaza ne ko asibiti kaza a yankinsa. Don Young ɗin nan gwani ne a wannan fage. A 2005 shi da Sanata Ted Stevens suka samo dala miliyan 223 don gada daga Ketchikan zuwa tsibirin Gravina mai mutum kusan 50. Aka yi ta yi mata ba'a ana cewa gadar da ba ta zuwa ko'ina, ko da yake, a yi adalci, filin jirgin garin a tsibirin yake. Ba a gina ta ba. A shekarar kuma Duke Cunningham na California, tsohon matuƙin jirgin yaƙi a Biyetnam, ya amsa laifin karɓar cin hancin dala miliyan 2.4 daga 'yan kwangilar tsaro, ya tafi gidan yari. Tsarin ya yi wari har aka dakatar da shi a 2011.

A 2021 aka dawo da shi da sharuɗɗa: dole ɗan majalisa ya wallafa kowace buƙata a shafinsa, ya rubuta shaidar cewa shi da iyalinsa ba su da riba a ciki, kamfanin neman riba ba ya karɓa, jimillar kuɗin kuma ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari na kasafin da majalisa ke rabawa duk shekara ba. Ni ina ganin dawo da shi daidai ne. Mutumin da ya san inda bututun ruwa ya ruɓe a mazaɓarsa ya fi ma'aikacin da ke zaune a Washington sani, muddin sunansa na manne da aikin. Sai dai ka lura da kalma: "na nema" daban, "an sa a doka" daban. An kuma sha kama waɗanda suka ƙi dokar ababen more rayuwa ta 2021 suna yanke ƙyallen buɗe ayyukan da ta biya.

Yadda za ka tantance: buɗe shafin Congress.gov ka rubuta sunansa. Zai nuna maka ƙudirorin da shi ya kawo, da waɗanda ya mara wa baya, da inda kowanne ya tsaya. Shafin magatakardan majalisa kuma na da ƙuri'unsa da kwamitocinsa.

Akwai aiki na biyar da bai rubuta ba, mai yiwuwa kuma shi zai fi yi maka amfani. Ofishinsa na mazaɓa yana da ma'aikatan da aikinsu bin kadin takardun jama'a da suka maƙale a hukumomin tarayya: fanshon tsohon soja, ragowar haraji, ko bizar iyali da ta daɗe a ofishin jakadanci. Ba za su iya tilasta wa hukuma ta amince ba, amma suna sa a buɗe fayil a ba da amsa. Kyauta ne, ba sa tambayar wa ka zaɓa. Za su ba ka fom ka sa hannu tukuna, saboda dokar sirri ta 1974 ta hana hukuma nuna musu bayananka ba da izininka a rubuce ba.