Diril ba matsala, amma imfak ɗin nan ka bar shi a gareji

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wlh ina ganin tambayarka sai da na ji bayana ya amsa, don nasan wannan durƙuson. Kace ka gaji da juya jak huɗun nan na kusurwoyin tirela da hannu duk inda kuka sauka da tirelar kwana, kana son komawa diril mai batir amma kana tsoron kar ka ɓata su, sannan kace kana da imfak, injin nan mai bugawa na kwance noti, a gida ko shi ma zai yi. To diril kam yi abunka, nima dashi nake yi yanzu shekara uku kenan, amma imfak ɗin dan girman Allah ka bar shi inda yake, ko a mota kar ka saka shi ranar tafiya don kar shaiɗan ya raya maka.

Bari kaji abunda yasa nake faɗa da zafi haka. Tawa tirelar ƙafa 26 ce mai taya huɗu, na hannu na saya a 2021, shekarar farko da handul ɗinta nake juyawa kamar kowa ina gumi yara suna tsaye a kaina suna tambaya yaushe za'a shiga. Sai hutun Thanksgiving na Amurka na 2022 muka shirya zuwa Palo Duro, wancan kwazazzabon na kusa da Amarillo, daga nan Houston wajen mil 600 ne, in kana jan tirela ka wuni a hanya kenan. Muka tafi da wani bawan Allah da iyalinsa, ɗan garinmu ne ma, masallaci ɗaya muke Juma'a, shi bashi da tirela tanti ya ɗauko, amma irin mutanen nan ne da babu abunda basu sani ba a duniya, ko jirgin sama ka ambata zai ce maka ya taɓa gyarawa. Mun iso dare yayi, ribas kaɗai ya cinye mana lokaci a cikin duhu, ga gajiya ga sanyi don sanyin can ba irin na Houston bane, iska ce take shiga har ƙashi. Wajen da muka samu ya ɗan karkace ta hagu, na fito da katakaina zan jera a ƙarƙashin tayoyin hagu in hau kai kamar yadda aka saba, sai mutumin nan yace haba Alhaji wane irin wahala ne wannan da tsakar dare, ai jak ɗin da kake gani kowanne an rubuta fam 5,000 a jikinsa, guda biyu kawai sun isa su ɗaga gefen nan, bari ka gani. Ya buɗe but ɗinsa ya ɗauko imfak irin na kwance taya.

Ni kuma kunya ta hanani magana, gashi ya girme ni, gashi gaban iyalinsa, kuma gaskiya nima gajiyar ta sa naso a gama. Ya kafa abun nan a jak ɗin baya na hagu, tatatatata kamar ana harbi, goma ta riga ta gota kuma kasan dokar wuraren shaƙatawar nan na jihar Texas daga goma na dare zuwa shida na safe ba'a son hayaniya, wani dattijo bature a tirelar kusa damu ya fito da tocila ya haska mu ya tsaya bai ce komai ba, wlh da ya zage ni da yafi min sauƙi. Mutumina ko a jikinsa, ya koma na gaba ya sake, yana yi yana cewa kaga ni, kaga ni, har sai da tayar hagu ta kusa barin ƙasa, ya ɗora lebul ɗin ruwa a bakin ƙofa yace to ga ta nan cif. Cif ɗin kenan ƙofa taƙi rufuwa. Mu tura mu ja, harshen makullin ya daina shiga raminsa don shasin ya murɗe, ni a lokacin ban ma gane dalili ba, yace ai sanyi ne yake sa ƙarfe ya motsa. Da igiyar shanya madam ta ɗaure ƙofar daga ciki muka kwanta iska tana busowa ta tsagar, ƙaramar 'yata tana tari.

Wajen ƙarfe uku na dare babban yarona ya sauko daga gadon sama zai shiga bayi, sai ji mukai ƙau! tirelar ta zauna ta baya gefen hagu, tukunyar miyar da madam ta bari akan murhu ta sulalo ta kife a ƙasa, buta ta bi ta, yara suka farka da ihu, ita tana salati ni na ɗauka wata mota ce ta daki tirelar. Na fita da singileti a cikin wannan sanyin na haska, jak ɗin ya lanƙwashe gefe kamar ƙafar akuyar da ta karye, tiredin dogon ƙarfen nan na tsakiya ya cinye, garin ƙarfe har a ƙasa. Shi kuwa yana cikin tantinsa yana munshari, har inda nake tsaye ina jiyowa.

Da safe abun yaƙi hawa yaƙi sauka, kuma ba dama ka ja tirela da jak yana jan ƙasa, sai kwanciya nayi a jar ƙasar nan ta wajen na kwance shi gaba ɗaya daga jikin shasi, Allah ya taimake ni nawa da noti aka ɗaura ba walda ba, da walda ne ban san yadda zanyi ba ranar hutu a cikin rami. Wannan dattijon na jiya shi ya kawo min sifana da man fesawa ya durƙusa yana riƙe min tocila, shi ya fara gaya min wai sunan abun ma ai na hana girgiza ne, ba'a yi shi don ɗaga komai ba, lambar da ke jiki kar ta ruɗe ka, in shi jak ɗin ya ɗauka to kusurwar shasin da aka liƙa shi ba zata ɗauka ba. Mutumina fa? Yana zaune a kujerata, kujerata ta zaman waje, da kofin shayin da matata ta dafa, yana cewa ai dama jak ɗin jabu ne, masu tirela yanzu basa saka abun kirki. Ko sannu. Ko sisi bai ce zai bayar ba har yau, biyu na saya don na gaban ma ya ɗan karkace, kuma ƙofar nan har yanzu sai ka ɗan ɗaga ta da gwiwa take kullewa. Ba kuɗin ne ya dame ni ba Allah ya sani, da muka dawo naji yana ba mutane labari a harabar masallaci wai shi ya cece mu a tafiyar, ni ban iya tirela ba. Na haɗiye kawai saboda zumunci, muna gaisawa, amma madam ta rantse ko kasuwa ba zata sake bin su ba.

To ka yi haƙuri na ja ka da nisa. Abunda zaka saya ɗan ƙaramin soket ne mai inci 3/4, wato lamba 19 ɗin da makanikanmu suke cewa, mai ƙafa a bayansa da take shiga bakin diril, kamfanin Camco suna yi kuma duk shagon kayan tirela zaka samu, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma kafin ka saya ka leƙa kan jak ɗinka, in irin mai almakashi ne da kan noti mai kusurwa shida to shine, wasu tsofaffin tireloli da ƙananan nan masu buɗewa sama kan nasu daban ne, wani mai tsaga wani mai ƙugiya. Ka sayi biyu, ni na yar da biyu a hanya don mantawa nake in barshi maƙale a jikin jak in ja mota, yanzu jan salatif na naɗa masa.

Diril kowanne mai volt 18 ko 20 yayi, nawa Ryobi ne ba wani mai tsada ba, in DeWalt ko Milwaukee ko Makita kake dashi duk ɗaya. Ka saka shi a giya ta 1, sannan zoben nan mai lambobi dake wuyansa kar ka kai shi kan hoton bakin huda, a nan ne kulocin baya aiki, ka barshi a tsakiya yadda in jak ya taɓa ƙasa zai fara tarr tarr ya daina juyawa, in ya cika saurin sakewa ka ƙara lamba ɗaya ko biyu. Wannan kuma ba wanda ya cuce ni, ni na cuci kaina, a Galveston, garin bakin teku kusa da Houston, ina naɗe su da hannu ɗaya ɗayan hannun ina riƙe da waya, diril yana giya ta 2 a kan hoton hudan, jak ya kai ƙarshe ya tsaya cak, diril ɗin ya juyo da hannuna gaba ɗaya. Targaɗe a wuyan hannun dama, sati biyu da cokali nake cin tuwo a hannun hagu kamar yaro, wajen aiki ma ƙarya nayi nace faɗuwa nayi. Hannu biyu zaka riƙe shi, kuma in ya kusa ƙasa ko ya kusa rufewa ka sassauta yatsa, kar kuma ka kai fuskarka kusa da batirin don in ya juyo haƙori zai nema.

Ni yanzu diril saukowa kawai yake min da ƙafar har ta taɓa katako, daga nan sai in ɗauko handul in ƙara kamar rabin juyi har inji ya kama, shikenan. Kar ka yar da handul ɗin wai ka samu diril, ranar da batir zai mutu baya sallama, musamman lokacin sanyi in ka barshi ya kwana a akwatin waje da safe zaka same shi ya yi laushi, ni a ciki nake kwana da nawa kusa da cajar waya. Kuma ka dinga saka katako masu kauri a ƙasan kowanne, in jak ya miƙe da yawa ya zama siriri dogo girgizar bata raguwa, in ya tsaya a rabi yafi ƙarfi, ga shi diril ɗin ma aikinsa ya ragu. In ƙasar yashi ce ko an yi ruwa washegari ka zagaya ka taɓa su, zaka samu ɗaya ya saki.

Daidaitawa dai kasan ta, hagu da dama katako a ƙarƙashin taya tun tana jikin mota, weji gaba da baya kafin ka cire ta, gaba da baya kuma jak ɗin hanci, wato na gaban tirela inda ake haɗa ta da mota, su waɗannan huɗun sune na ƙarshe. Abunda mutane suke mantawa ranar tashi ne, sai mutum ya fara ɗaga hanci zai haɗa da mota alhali na baya suna ƙasa, kaga duk nauyin ya koma kansu kenan, wannan ma yana lanƙwasa su ba sai da imfak ba. Su zaka fara naɗewa kafin ka taɓa hancin, kuma kafin ka tayar da mota ka zagaya da ƙafarka ka ƙirga huɗu, kar ka aiki yaro, nawa ya taɓa ce min duk sun hau ashe daga nesa ya leƙa.

In matsalarka girgiza ce lokacin da yara suke tsalle, ƙara matse jak ba zai kashe ta ba, yawancinta daga tayoyi take zuwa, ka nemi wejin nan mai kamar X da ake matsewa tsakanin tayoyi biyu, tunda na saka madam ta daina cewa kamar a kwalekwale take kwana. Shi ma dai ba da diril ake matse shi ba, ɗan sifanansa yake zuwa dashi.

Sai maganar mai, kar ka shafa giris a dogon ƙarfen, nayi wannan kuskuren, giris yana kwashe yashin hanya ya zama kamar sanfefa yana cin tiredi, sannan in ka taɓa da farar riga ka shiga uku a gida. Man fesawa mai bushewa na silikon zaka nema, ka wanke ƙarfen da ruwa da buroshi ya bushe ka fesa ka hau dashi ka sauko sau biyu. Mu da muke zuwa bakin teku dole ne duk dawowa, iskar gishirin Galveston ba ta da imani, in kaji diril yana nishi tun jak yana sama bai taɓa komai ba to tsatsa ce ko ƙarfen ya ɗan lanƙwashe, kar ka ƙara masa lamba ka tilasta, tsaya ka duba.

Ka ɗauko hoton kan jak ɗin naka ka turo mu gani ko 3/4 ɗin ne, in kuma kana kusa da Houston ina da soket ɗaya sabo a leda ka zo ka karɓa, wani kuma yana wajen mutumin can tun bara da yace zai kwance wani abu a injin yankan ciyawarsa.