Na saka rediyon Android da wufa, yanzu batir yana mutuwa cikin dare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na cire rediyon da Corolla ta zo da shi, na saka mai allon Android, da amfilifaya da wufa a but. Tun daga nan, in motar ta kwana biyu ba a tayar ba, sai an haɗa ta da batirin wata mota. Na sayi sabon batir, amma ba ta canja zani ba. Ina mafita? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, batirinka ba shi da laifi, kuma ina jin takaicin kuɗin da ka kashe a kansa. Akwai abin da ke shan wuta bayan ka zare makulli.

A bayan irin wannan rediyo akwai wayoyin wuta guda biyu. Rawayar tana ɗauke da wuta dare da rana, don rediyo ya riƙe agogo da tashoshin da ka adana. Jar kuwa ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ita ce ke gaya masa ya tashi ko ya kwanta. Mai wayarin da ke sauri, in ya rasa inda zai samo wutar makulli, sai ya murɗe ja da rawaya wuri guda ya naɗe da salatif. Rediyo zai yi ta aiki lafiya lau, amma ba zai taɓa kwanciya ba, ko da allon ya yi duhu. Ka tuna cewa allon nan ƙaramar kwamfuta ce mai Bluetooth da GPS. Haka amfilifaya: siririyar waya shuɗiya mai ratsin fari ce ke kunna shi, kuma daga rediyo ya kamata ta fito. In an ɗauko ta daga wutar da ba ta yankewa, ka leƙa but da dare za ka ga ƴar fitilarsa a kunne, ka taɓa jikinsa ka ji ɗumi.

Ka sa a gwada a gabanka. A kashe mota, a rufe ƙofofi, a kwance kan batir na nagetif, a saka mita tsakanin kan da wayarsa, a ma'aunin amfiya 10. A jira kamar minti 30 kwamfutocin motar su kwanta. Lafiyayyar mota ba ta cika wuce amfiya 0.05 ba. In kun ga rabin amfiya ko fiye, a zare fis na amfilifaya, sannan na rediyo. Wanda aka zare lambar ta faɗi, shi ne mai shan wutar. Kada a tayar da injin alhali mita na haɗe, mitan zai ƙone. Kuma ka yi da wuri, domin batirin mota yana lalacewa in ana yawan zuƙe shi ƙarƙaf.

Tambaya: Malam, sifikuna suna wani siririn kuka da ke ƙaruwa in na taka totur. Sifikun ne suka lalace?

Amsa: A'a, ƙarar altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir, ke shiga layin sauti. Duba baƙar wayar da aka ɗaure amfilifaya da ita a jikin mota: ta zama gajera, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure da noti tamau. Sannan wayoyin sauti masu kai ja da fari su bi gefe ɗaya na motar, babbar wayar wuta ta bi ɗaya gefen.

Tambaya: Duk sanda wufa ta buga, fitilun gaba sai su dusashe, kuma fis yana yawan ƙonewa. Mai gyara ya ce zai cire shi ya haɗa kai tsaye. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda, don Allah. Babbar wayar nan ta taso daga batir ta ratsa ƙarƙashin kafet har but. In ƙarfe ya ci fatarta babu fis, za ta yi ja ta kama da wuta a ƙarƙashin kujerun da iyalinka ke zaune. Fis ya kasance kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, kuma girmansa ya dace da kaurin wayar. Yawan ƙonewarsa na nufin waya ta goge a wani wuri, ko an haɗa wufa a ƙasa da om ɗin (ma'aunin turjiyar wuta) da amfilifaya ke iya ɗauka.

Dusashewar fitilu kuwa ƙarancin wuta ne. Altanetar ƙananan motoci kan bayar da amfiya 80 zuwa 100 ne, ga AC ga fitilu, alhali amfilifaya mai wat 1,000 na gaske shi kaɗai zai iya neman kusan hakan in an ƙure shi. Auna batir injin na aiki: ya kamata ka ga bolt 13.5 zuwa 14.5. In yana faɗowa ƙasa da 13 idan kiɗa ya buga, sai ka rage ƙarfin amfilifayar ko ka sa altaneta mafi girma. Ka kuma kankare bakin babbar wayar wutar da aka saka maka. In cikinta fari ne, alminiyam ce da aka shafa wa tagulla, a canja ta da tagulla zalla.