Amsa: Ɗan sanda zai iya bincika motata da wayata a Amurka?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa, Allah ya sa albarka a sana'ar tuƙin. Ka tambaya ko ɗan sanda na da ikon bincika motarka da wayarka idan ya tare ka, tunda girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kawai gare ka. Na daɗe ina tuƙin haya a New York, an sha tare ni, ga abin da na sani.

Kariyar da kundin tsarin mulki ya bayar a wannan fanni ta shafi duk wanda ke cikin ƙasar, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Gyara na huɗu, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana bincike ba gaira ba dalili, na biyar kuma ya hana a tilasta maka faɗin abin da zai kama ka.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne ladabi. An tashe mu da jin nauyin hukuma, in mai kaki ya ce "bari in duba but ɗinka", sai mu ce to. Wannan "to" ɗin izini ne a gaban kotu, kuma duk abin da aka gani ya hau kanka, ko da fasinjan jiya ne ya yar da shi ƙarƙashin kujera. Mu direbobi ba mu san me ake bari a baya ba. Ka faɗa da bakinka, cikin natsuwa, cewa ba ka yarda da bincike ba. In yana da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar ya hango makami, zai bincika motar ko babu takardar alƙali. Kada ka tare shi, kada ka yi gardama a bakin titi. Lauyanka zai yi ta a kotu.

Lasin, takardun mota da inshora dole ka miƙa. In ya ce ka fito, ka fito, Kotun Ƙoli ta ba shi wannan tun 1977. Hannunka a kan sitiyari, kuma ka sanar kafin ka kai hannu aljihu. Ƙin hura na'urar gwajin giya bayan an kama ka kuwa yana jawo dakatar da lasin a jihar nan.

Waya ta fi mota kariya. A shari'ar Riley ta 2014, alƙalan Kotun Ƙoli tara duka sun ce ko an kama mutum sai da takardar alƙali za a buɗe wayarsa. A filin jirgi da kan iyaka jami'ai sun fi samun sarari, kada ka haɗa biyun.

Gargaɗin Miranda da ake ji a fina-finai, na 1966, wato ɗan sanda ya sanar da kai cewa kana da ikon yin shiru da neman lauya, sai an tsare ka za a yi maka tambayoyi yake wajaba, ba a tarewar titi ba. Shirun ma sai ka furta cewa ka zaɓe shi kuma kana son lauya, sannan ka kama bakinka da gaske. Yin shiru halal ne, ƙarya ita ce laifi, musamman ka ce kai ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba. Wannan kaɗai na iya cinye maka katin.

A shari'ar laifi da ke iya kai ka kurkuku, gwamnati za ta ba ka lauya kyauta in ba ka da hali. A kotun shige da fice kundin bai tilasta mata ba. Don haka kada ka amsa kowane laifi, komai ƙanƙantarsa, sai lauyan ya bayyana maka abin da zai jawo wa takardun zamanka.