Amsa ga mai neman famfon fita da keken tsere

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama domin amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ka sayi keken tsere na hannu mai taya 700x25, ka fita da shi hanyar Gwarzo, ya yi faci bayan ka wuce sabuwar BUK, mai facin da ka samu kuma ya ce bakin tiyonsa ba ya kama bawul ɗinka, sai turo keken ka yi. Yanzu kana son ka san wane ƙaramin famfo za ka riƙa fita da shi, na hannu ne, ko na gas, ko na caji. Sannu da wahala. Mafi yawanmu a nan mun sha irin wannan tafiyar ƙafa kafin mu gane kan abin.

Shawarata ita ce ka sayi famfon hannu mai siririn bututu, mai tiyo, wanda bakinsa ke kama irin bawul ɗinka. In ka samu mai ɗan mataki da ake takawa a ƙasa, to shi ne gaba da sauran, ko da ya fi su tsawo da nauyi. Na gas da na caji ƙari ne ga wanda ya riga ya mallaki wannan.

Mu fara da bawul, tunda shi ya tsayar da kai. Iri uku ne ke yawo a garin nan. Akwai na kekunan iyayenmu, su Raleigh da Phoenix, mai 'yar roba a ciki, wanda ake kira Dunlop. Akwai mai kauri irin na mota da babur da A Daidaita Sahu, sunansa Schrader, kaurinsa milimita 8, shi ne kuma kowane mai faci ya shirya wa kayan aikinsa. Naka shi ne na ukun, Presta, siriri mai milimita 6, da ɗan noti a kansa wanda sai ka warware shi ka ɗan danna kafin iska ta shiga. Ba rashin iya aiki ba ne ya hana mai facin nan taimakonka, abin ne ba ya zuwa hannunsa kullum. Za ka iya haɗuwa da wanda zai ce a faɗaɗa ramin rim ɗin a sa tiyub mai bawul ɗin mota a huta. Kada ka yarda. Rim ɗin keken tsere siriri ne, cin ƙarfensa a wurin raunana shi yake yi, kuma ba a mayar da shi.

Da yawa daga ƙananan famfunan nan an rubuta a kwalinsu suna yi wa Presta da Schrader. Gaskiya ne, amma a wasu sai ka kwance murfin bakin, ka fito da 'yar roba da ɗan filastik ɗin da ke ciki ka juya su. Ka yi wannan a gida, ka bar shi a kan Presta. Bakin titi ba wurin koyon sa ba ne, 'yar robar in ta faɗa cikin yashi ba lallai ka gan ta ba.

Sai batun faɗin bututu, a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Tayar mota iskar da take ɗauka ba ta wuce psi 30 zuwa 35, psi kuwa shi ne ma'aunin matsin iskar taya. Taka kuwa, ga mutum mai nauyin kilo 70 ko kusa da haka, tana son wajen 80 zuwa 90, wato kusan 6 a ɗaya ma'aunin da ake kira bar, tunda bar ɗaya psi 14.5 ne. Ciki ƙarami, matsi mai yawa. Famfunan kuma iri biyu ake ƙerawa: mai faɗin bututu na kekunan daji masu manyan tayoyi, wanda ke tura iska da yawa a bugu ɗaya, da mai siririn bututu wanda ke tura kaɗan kaɗan amma ya kai ta sama. A kasuwa mai faɗin ya fi ɗaukar ido, in ka buga shi a tafin hannu sai ka ji iska fuu, ka ce ai wannan ne mai ƙarfi. Ka duba lissafin. A psi 100, kowane murabba'in santimita na fistin, wato abin da ke tura iska a cikin bututun, yana turo maka nauyin kusan kilo 7. Bututu mai faɗin santimita 2 zai nemi ka tura kusan kilo 22, kusa da jarkar ɗan garuwa guda. Mai faɗin santimita 3 kuwa kusan kilo 50 ne, buhun siminti ke nan, a kowane bugu, da hannu biyu a sama ba tare da ka jingina da komai ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya kai psi 50 ya tsaya cak yana cewa famfon ya lalace. Bai lalace ba, ba na keken ba ne.

Don haka lambar da ke jikin kwali, 120 ko 160, abin da ƙarfen zai iya jurewa ce take faɗa maka, ba abin da damtsenka zai kai ba. Ko da siririn ne, ka sa a ranka bugu 200 zuwa 300 kafin tayar ta yi yadda za ka hau hankali kwance, in irin ɗan guntun nan ne mai shiga aljihu.

Maganar tiyo kuwa, a jikina na koye ta. Famfona na farko irin wanda ake cusa bakinsa kai tsaye a bawul ne, a ɗaga 'yar liba a kulle. Wata Asabar cikin watan Afrilu mun wuce Dawanau mun nufi Bichi, tsidau ya huda mini tayar baya. Na ce wa abokan tafiya su ci gaba zan cim musu. Na sa sabon tiyub lafiya lau, na fara bugawa. Farkon abin da sauƙi, amma da iska ta fara tauri sai duk ƙarfin da nake sawa ya koma kan bawul ɗin, ina turawa yana lanƙwasa, ga gumi ya sa hannuna yana zamewa. Ban ankara ba sai na ji iskar ta fita gaba ɗaya. Bawul ɗin ya yage daga gindinsa, inda ya haɗu da roba, wurin da faci ba ya kamawa. Tiyub ɗaya na fito da shi, sholisho da faci kuma na bar su a gida, da na liƙe tsohon. A bayan akori-kura muka dawo ni da keken. Abin da ya fi damuna ranar shi ne gyara ne na minti goma, kayan aiki ne kawai suka ƙi. Tun daga nan ban ƙara sayen famfo marar tiyo ba. Tiyon yana raba motsin hannunka da bawul, ka buga yadda kake so, shi yana zaune lafiya.

Shi ma tiyon yana da nasa abin lura. Wanda ake murɗawa a kan bawul ya fi kama da kyau, ba ya yoyo, amma wasu tiyub ɗin zuciyar bawul ɗinsu cirewa ake yi. In ba a ɗaure take tamau ba, kana warware tiyon sai ya taho da ita, duk iskar da ka sha wahala a kai ta tsere a ƙiftawar ido. Maganinsa ka ɗaure zuciyar da ɗan filaya tun a gida, har da ta tiyub ɗin ajiya, kuma kada ka murɗa tiyon da ƙarfi fiye da kima. Ka kuma duba tsawon bawul ɗin. In rim ɗinka mai zurfi ne, bawul mai milimita 40 zai leƙo kaɗan ne kawai, famfo ba zai samu abin kamawa ba, sai ka nemi mai 48 ko 60.

Wanda na daɗe da shi yanzu shi ne Road Morph na kamfanin Topeak. Yana da tiyo, da ɗan mataki mai naɗewa, da mariƙi mai buɗewa, ga geji a jikin tiyon. Kafa shi kake yi a ƙasa ka taka, ka danna da nauyin jikinka kamar famfon gida. Da shi ina kai tayata 85 ba tare da na jigata ba. Ba ina nufin dole sai wannan sunan ba, akwai masu irin ƙirarsa da dama, ƙirar nake so ka riƙe. Aibinsa bai shiga aljihun riga, sai a ɗaure a jikin firam, kuma wasu matasan namu suna ganin yana rage wa keke kyau. Ni dai a hanyar Madobi ko bayan Wudil, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga inuwa ba, na fi son abin da zai tashe ni da wuri. Akwai kuma dogayen famfunan da ake maƙalawa a ƙarƙashin sandar firam, irin su Zéfal HPX na Faransa. Wani lokaci sukan zo tare da tsofaffin kekunan ƙarfe da ake shigowa da su. In ka ci karo da mai lafiya wanda tsawonsa ya dace da kekenka, kada ka raina shi, dogon bugunsa yana cika taya da sauri, sai dai ka tallafe bawul da yatsunka domin ba shi da tiyo.

Gejin da ke jikin ƙananan famfo ba kasafai yake faɗar daidai ba, amma ya fi latsa taya da babban yatsa. Tayar tsere tana kai 50 za ka ji ta kamar dutse, alhali in ka hau da wannan iskar ka faɗa rami ɗaya, rim zai matse tiyub ya yi masa huda biyu jere kamar saran maciji. Titunanmu kuma ka san su, musamman bayan damina.

Na gas, wato 'yan kwalaben CO2, na yi amfani da su. Mai giram 16 tana cika taya irin taka cikin daƙiƙu, gwanin sha'awa. Amma sau ɗaya ake amfani da kowace kwalba, samun su a Kano ba tabbas, kuma in ka yi kuskuren saka tiyub ko ƙayar tana nan cikin taya, shi ke nan ta tafi a banza. Kwalbar tana yin sanyi ƙarara har ta iya ƙona fata, sai da kyalle ake riƙe ta. Gas ɗin kuma ya fi iska saurin sulalewa ta jikin roba, washegari za ka tarar tayar ta yi laushi, dole ka sace ta ka sake ba ta iska. Ga wanda ke gasa yana da amfani. Na caji kuwa, irin su Cycplus, suna aiki da gaske, ka saita lamba ka danna su tsaya da kansu. Sai dai ƙananan cikinsu taya biyu ko uku suke cikawa batir ya ƙare, suna ɗaukar zafi sosai, kuma sai ka tuna ka yi caji a garin da wuta ba ta da alkawari. Ranar da ƙarangiya da tsidau suka yi yawa a gefen titi, mutum yakan yi faci uku a fita ɗaya. Famfon hannu ne kuma zai ba ka damar hura tsohon tiyub sau da yawa kana neman inda ya huje.

Abu guda mai arha da nake roƙonka kada ka fita ba shi: 'yar adaftar tagulla da ke mayar da Presta ya zama kamar na mota. Ba ta kai ƙwallon dabino girma ba. Ka warware notin bawul, ka murɗa ta a kai, kowane mai faci daga Kabuga har Gwarzo zai iya ba ka iska. Amma ka tsaya a kansa. Cikin tayarka bai fi lita 1 ba, injinsa kuma na tayar mota ne, don haka ka ce ya riƙa ba ta kaɗan kaɗan yana tsayawa, kada ya wuce lambar da aka rubuta a gefen tayar. Ka kuma bar wa rana wuri: tayar da ka cika 90 da sanyin asuba, in kwalta ta gasa ta da tsakar rana a watan Afrilu, za ta iya ƙara kusan psi 8 zuwa 10.

In ka saya, kada ka ɗaure shi a keke ka manta. Ka sace tayarka gaba ɗaya a tsakar gida, ka cika ta da shi kana ƙirga bugu, ka ga inda ƙarfinka ya tsaya. In a kasuwar Sabon Gari za ka saya, ka je da tayar gaban a hannu ka gwada a gaban mai shago, ka toshe bakin da yatsa ka ji ko iska na komawa baya. Lokacin hunturu ƙura tana shiga bakin famfo ta busar da robar ciki, don haka ka zaɓi mai murfi, ko ka naɗe bakin da leda, kuma lokaci lokaci ka buɗe ka shafa wa robar ɗan man silikon. Man inji yana iya cinye wasu robobin. In ka tsaya sallah ko shan shayi, ka cire shi ka riƙe a hannu. Aikin yau da kullum kuwa na babban famfon gida ne mai geji, domin tayar tsere tana rage iska cikin 'yan kwanaki ko ba ta huje ba, ƙaramin na ranar matsala ne.

Idan Allah ya kai mu Asabar kuma za ka fito bayan sallar asuba, zan zo da mai matakin da wani ɗan guntu mai tiyo da nake da shi, ka gwada kowanne a tayarka kafin ka kashe kuɗinka. Ina da adafta guda da ba na amfani da ita, zan taho maka da ita. Kafin nan ka auna tsawon bawul ɗinka ka faɗa mini.