Amsa kan bawul ECC83 mai sunan Mullard da aka rubuta wa Holland

Malam, ka ce ka ciro bawul ECC83, wato 'yar kwalbar gilashin nan mai ƙara ƙarfin sauti, daga tsohuwar amfilifayar Baba, sunan Mullard a jikinsa, amma an rubuta an ƙera shi a Holland, shi ne kake tsoron ko jabu ne. Kwantar da hankalinka. A wancan zamanin kamfanin Mullard na Ingila yana ƙarƙashin Philips na Holland ne, kuma masana'antunsu sun saba musayar kaya. Na daɗe ina gyaran waɗannan na'urori, kuma sunan da aka buga da fenti shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa. Fentin yana nuna wanda ya sayar ne kawai, kamar shinkafar da aka juye a wani buhu.

Abin dubawa yana can ƙasan kwalbar, kusa da ƙafafu: wasu 'yan haruffa dishi-dishi, layi biyu, waɗanda ba sa gogewa kamar fentin. Haska tocila daga gefe. Layin sama nau'in bawul ne; a ECC83 za ka ga I61, I63 ko I65, a tsofaffin kuma mC ko f91. Layin ƙasa shi ne mai maganar. Alamar farko masana'anta ce: B na nufin Blackburn a Ingila, ɗan alwatika na nufin Heerlen a Holland, D kuma masana'antar Valvo ce a Hamburg ta Jamus. Sai lambar ƙarshe ta shekara, sai harafin wata, A Janairu har L Disamba, wani lokaci da mako a ƙarshe. Wato B3E2 Blackburn ne, watan Mayu, mako na biyu. To tunda lamba ɗaya ce kawai ta shekara, ya za ka gane ko bawul na shekarun 1950 ne ko na bayansu? Nan sai ka leƙa ciki. Ƙarafan nan biyu masu launin toka da muke kira faranti, dogaye ne a na shekarun 1950, milimita 17, daga baya aka gajarta su zuwa 14. 'Yar wayar da ke can sama ma tana taimakawa, mai kusurwa huɗu ta riga mai zobe.

Naka ina kyautata zaton alwatika za ka gani. In haka ne, ɗan Heerlen ne, wurin da aka ƙera bawul mai suna Amperex Bugle Boy ɗin da ake rububi a kai. Ni a kunnena bai gaza na Blackburn ba, duk da masu jita sun fi son na Ingila.

Inda cuta ta fi yawa shi ne bawul ɗin kamfanin Telefunken na Jamus. Na gaske yana da alama mai siffar daiman a gindi, tsakanin ƙafafu taran, kuma a jikin gilashin aka fitar da ita tun wurin ƙera. In babu ita, kar ka biya kuɗin Telefunken. Na kamfanin Ei da aka yi a Yugoslabiya yana da faranti sumul irin nasa, shi ya sa ake sake masa fenti.

Na Amurka suna amsa sunan 12AX7, kuma lambar kamfani ce ke tona su: 274 RCA, 188 GE, 312 Sylvania. Na GE har da ɗige-ɗige a ƙarƙashin sunan 12AX7 ɗin. Wanda kuma ka gani sabo fil a kwali da sunan Mullard yau, a Saratov ta Rasha ake yin sa. Yana aiki lafiya, suna kawai suka haɗa da naka.

Don Allah kar ka wanke shi ko ka goge shi da tsumma, fentin nan da yatsa ma yana fita, farashi ya faɗi. Sannan dubi kan kwalbar. In shafen nan mai ƙyalli kamar madubi ya koma fari fat, iska ta shiga, bawul ya mutu ko wa ya ƙera shi. In yana nan da ƙyallinsa, turo mana hoton layukan biyu mu karanta maka shekarar.